Ƙarin Ruwa da Ƙarin Jini: Tarihin Ceton Mai Zubar Jini da Darasinsa ga Unguwannin Zango na Ankara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti ya san kalmomin nan biyu, wato ƙarin ruwa da ƙarin jini. A idon mai jinya kusan abu ɗaya ne, domin kowannensu leda ce a rataye, da siririn tiyo, da allura a jijiyar hannu. Amma a wurin likita tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama tazarar da ke tsakanin rai da ajali, musamman ga wanda jini ya ɓalle wa saboda haɗarin mota, ko sara, ko haihuwa.

Wannan takarda za ta bi tarihin yadda aka koyi ceton irin wannan majinyaci, tun daga 1832 zuwa yau. Daga nan za ta auna wannan tarihi da halin da ake ciki a Tudu da Nima da Mamobi, wato unguwannin zango na birnin Accra, wanda Hausawa suka fi sani da suna Ankara. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ruwa lokaci kawai yake saya wa mai zubar jini. Abin da ke ceton ransa shi ne a tsayar da zubar, a kai shi asibiti da wuri, a kuma mayar masa da jinin da ya rasa.

2.0 Ma'anar Durƙushewar Jini

Likitoci suna da kalmar Ingilishi da suke furtawa "shok". Masu fassara sukan juya ta da "firgita" ko "kaɗuwa", alhali a fagen likitanci ba tsoro take nufi ba. Abin da take nufi shi ne halin da jiki ke shiga idan jinin da ke kewayawa ya kasa kai iskar oksijin ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da sauran sassa. A wannan takarda za a kira wannan hali durƙushewar jini.

Baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da jini kimanin lita 5. Idan ya rasa abin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, wato wajen mililita 750, da wuya a ga alama. Daga nan zuwa kashi 30 zuciya takan ƙara sauri, tafin hannu ya yi sanyi, mutum ya riƙa neman ruwan sha. Idan asarar ta kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu, sai awon jini ya faɗi, fitsari ya ɗauke, hankali ya fara gushewa. Abin da ya haura kashi 40 kuwa bakin kabari ne. Bahaushe yana da nasa kalmomin na bayyana waɗannan matakai: "ya galabaita", "idonsa ya yi fari", "jikinsa ya yi sanyi ƙalau". Abin lura a nan shi ne, matashi mai ƙarfi da mace mai ciki sukan riƙe awon jininsu daidai har sai abu ya yi nisa, sa'annan su faɗi gaba ɗaya.

Ruwan da ake ƙarawa kuma ba wani abu ba ne illa tsabtataccen ruwa da gishiri giram 9 a kowace lita, ko wani haɗi mai kama da shi. Yana cika jijiya na ɗan lokaci, amma ba ya ɗaukar oksijin, ba ya kuma daskarewa ya toshe rauni. Cikin awa guda mafi yawansa ya tsiyaye daga jijiyoyi ya shiga cikin tsoka, abin da ya rage bai wuce rubu'i ba.

3.0 Zangon Ankara a Taƙaice

Kalmar zango asalinta masaukin fatake ne. Hausawa sun daɗe suna zuwa Gwanja fataucin goro, amma zamansu a bakin teku ya ƙarfafa ne a ƙarshen ƙarni na 19. A yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin John Glover ya yi amfani da dakarun da ake kira Hausawa, kuma bayan an mayar da Ankara hedkwatar mulkin Gwal Kwas a 1877, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da malamai sun yi ta zama a tsakiyar garin. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kuwa ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, daga filin da Malam Amadu Futa ya samu, ta kuma cika ta batse da baƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Mamobi tana maƙwabtaka da ita. Mazauna waɗannan unguwanni ƙabilu ne daban-daban, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su.

Tudu, wadda sunanta ma kalmar Hausa ce, tana kusa da kasuwar Makola, kuma a yau an fi saninta da kasuwanci da tashoshin mota, inda ake lodi zuwa Aflawo da yankin Bolta. Wannan batu na direbobi da tasha zai sake tasowa a gaba. Manyan asibitocin da waɗannan unguwanni ke dogaro da su sun haɗa da Korle Bu, wanda Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923, da asibitin soja na 37, wanda aka kafa a 1941 saboda yaƙi, da asibitin Ridge, da kuma asibitin gwamnati na Mamobi.

4.0 Tarihin Ƙarin Ruwa

4.1 Daga Kwalara zuwa Ɗakin Haihuwa

Ƙarin ruwa bai fara da masu rauni ba, da masu kwalara ya fara. A lokacin annobar da ta shiga Ingila a 1831, wani matashin likita mai suna William O'Shaughnessy ya auna jinin masu cutar, ya gano cewa ruwa da gishiri ne suka ƙare a cikinsa. A 1832 Thomas Latta, likita a garin Leith na Sukotland, ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar wata tsohuwa da aka riga aka fid da rai da ita. Ta farfaɗo har ta yi magana, amma bayan 'yan sa'o'i gudawar ta dawo, ta rasu. Wasu daga cikin waɗanda ya yi wa haka daga baya sun rayu. Duk da haka, da annobar ta wuce, shi kuma ya rasu a 1833, sai aka yi watsi da dabarar shekaru masu yawa.

A daidai wannan zamani, James Blundell, likitan haihuwa a Landan, yana gwada ɗura jinin mutum ga matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Wasu sun rayu, wasu sun mutu, ba a kuma san dalili ba sai a 1901, lokacin da Karl Landsteiner ya bayyana cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma wani ba ya karɓar wani. Saboda wannan haɗari, likitocin ƙarshen ƙarni na 19 suka fi karkata ga ruwan gishiri. Sydney Ringer ya inganta haɗinsa a farkon shekarun 1880 ta hanyar ƙara sinadaran kalsiyam da fotasiyam, Alexis Hartmann kuma ya ƙara masa laktet a 1932. Wannan haɗi shi ne har yau ake ratayawa a Korle Bu da Mamobi.

4.2 Darasin Yaƙe-yaƙe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da durƙushewar jini babbar matsalar bincike. Likitocin soja sun lura cewa ruwan gishiri ba ya zama a jijiya. Don haka William Bayliss ya ba da shawarar a narka ƙaro kashi 6 cikin ɗari a cikinsa domin ya yi kauri, aka kuma yi amfani da shi a fagen daga tun 1917. Wannan ƙaro shi ne dai wanda ake ɓamɓarowa daga itacen dakwara a ƙasashen Sudan da Barno. A shekarar ce kuma Oswald Robertson, likitan sojan Amurka, ya fara ajiye jini a kwalabe cikin ƙanƙara kafin a buƙace shi, bayan an gano a 1914 da 1915 cewa sinadarin sitiret yana hana shi daskarewa.

A 1918 Walter Cannon da abokan aikinsa suka yi wani gargaɗi: idan aka ɗaga awon jinin mai rauni kafin likitan fiɗa ya shirya ɗaure jijiyar da ta tsinke, za a tunkuɗe gudan jinin da ya toshe raunin, a yi asarar jinin da ake matuƙar buƙata. Ba a riƙe wannan gargaɗi da muhimmanci ba sai bayan shekaru fiye da 70. A 1930 Alfred Blalock ya nuna cewa asarar jini ce ainihin sanadin durƙushewa bayan rauni, ba wata guba da ke fita daga tsoka ba, kamar yadda aka zata a da. A 1940 kuma Charles Drew, likita baƙar fata ɗan Amurka, ya jagoranci shirin tara ruwan jini, wato filasma, ana aikawa Ingila.

4.3 Zamanin Yawaita Ruwa

A farkon shekarun 1960 Tom Shires ya yi gwaji da karnuka a Dalas, ya ga cewa waɗanda aka mayar wa jininsu tare da ruwan Ringer sun fi rayuwa a kan waɗanda aka ba jini kaɗai. Daga nan ƙa'idar "lita uku ta ruwa a madadin lita ɗaya ta jini" ta bazu. Ruwa yana da arha, ba ya buƙatar firij, ba ya buƙatar gwajin rukuni. A yaƙin Biyetnam an yi ta kwarara shi ga sojoji. Ƙodarsu ta tsira, amma da yawa huhunsu ya cika da ruwa, har aka laƙaba wa ciwon sunan garin Da Nang. Duk da haka littattafan koyar da likitoci suka ci gaba da umartar a fara da lita biyu, aka kuma koyar da hakan a Afirka ta Yamma kamar sauran wurare.

4.4 Komawa ga Jini

A 1994 William Bickell da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a birnin Hustan na Amurka, a kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki. Waɗanda aka fara ɗura wa ruwa nan take, kashi 62 cikin ɗari ne suka rayu. Waɗanda aka jinkirta wa ruwan har sai an shiga ɗakin fiɗa, kashi 70 suka rayu. Ashe maganar Cannon gaskiya ce. Dalilan kuwa uku ne. Ruwa mai yawa yana tsinka jini ya hana shi daskarewa, yana sanyaya jikin da ya riga ya yi sanyi, gishirinsa kuma yana ƙara wa jini tsami. Kowane ɗaya cikin ukun yana ƙara zubar jinin, zubar kuma tana ƙara su. Zuba ruwa ga wanda ba a toshe wa rauni ba tamkar ɗibar ruwa da kwando ne.

Ƙa'idar da ake bi a yau ita ce a tsayar da zubar tukuna, a ba da ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zai riƙe awon jini na sama a wajen 80 zuwa 90, a kuma gaggauta ƙarin jini. Wanda ya bugu a ka ba ya cikin wannan sassauci, domin ƙwaƙwalwarsa tana buƙatar awo mai ƙarfi. A 2018 kwas ɗin nan na ATLS, wanda ake horar da likitocin haɗari da shi a ƙasashe da yawa, ya rage lita biyun nan zuwa ɗaya. An kuma samu magani mai arha, tiranekzamik asid, wanda Utako Okamoto da mijinta Shosuke suka gano a Japan a 1962, mai hana gudan jini narkewa. Binciken CRASH-2 na 2010, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Gana da Nijeriya, ya nuna cewa yana rage mutuwa, in dai an ba da shi cikin awa uku da samun rauni.

5.0 Yadda Abin ya Shafi Zango

5.1 Darajar Ƙarin Ruwa a Idon Jama'a

Mutanen zango ba su yarda da ƙarin ruwa a banza ba. Kwalara ta shiga Gana a 1970, ta kuma sha dawowa. A 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, mafi yawansu a Ankara da kewaye, inda cunkoso da ƙarancin magudanai suka yi yawa. Wanda ya ga an shigo da ɗan'uwansa ranga-ranga, aka rataya masa leda huɗu ko biyar ya tashi zaune, dole ya ɗauki ruwan nan a matsayin magani mai ƙarfi. Amma mai kwalara ruwa da gishiri ya rasa, su aka mayar masa. Mai rauni kuwa jini ya rasa. Hausawa sun ce jini ya fi ruwa guiɓi, suna nufin zumunci, amma a nan karin maganar ya dace har a zahirinsa. Illar rashin bambancewa ita ce a tsaya da mai zubar jini a ƙaramin kilinik ko kemis ana rataya masa leda bayan leda, dangi suna ganin ana aiki, alhali lokacin fiɗa yana wucewa.

5.2 Hanya da Direbobi

A 1998 Charles Mock da abokan aikinsa suka kwatanta makomar masu munanan raunuka a birane uku. A Siyatil ta Amurka kashi 35 cikin ɗari suka mutu, a Monterrey ta Meziko kashi 55, a Kumasi kuwa kashi 63. Mafi yawan waɗanda suka mutu a Kumasi ba su ko isa asibiti ba. Wannan ya nuna cewa babban giɓin yana kan hanya ne. A wancan lokaci direbobin tasi da na tirotiro, irin waɗanda ke lodi a tashoshin Tudu, su ne ke kwasar mafi yawan waɗanda haɗari ya rutsa da su. Saboda haka Mock da likitocin Kumasi suka ba direbobin haya 335 horon sa'o'i shida a kan taimakon farko. Kafin horon, kashi 4 cikin ɗari ne ke ƙoƙarin tsayar da jinin mai rauni. Bayan horon adadin ya kai kashi 42. Ba a ba su ko leda ɗaya ta ruwa ba. An koya musu su danne rauni da tsumma mai tsabta, su ɗaure, su kwantar da mutum yadda zai yi numfashi.

Ranar 9 ga Mayu, 2001, aka yi wasan ƙwallo tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Ankara. Bayan 'yan kallo sun fara jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofin da ke kulle, mutum 126 suka rasu. Da yawa daga cikinsu matasan Nima ne da sauran unguwannin zango, har fushin abin ya kai matasa ga afka wa ofishin 'yan sanda na Nima. Galibin waɗannan mutane matsi ne ya hana su numfashi, ba zubar jini ba, amma musibar ta tona asirin rashin tsarin ɗaukar majinyata a ƙasar. Bayan rahoton kwamitin bincike na Sam Okudzeto, gwamnatin Shugaba Kufuor ta kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004. A Janairun 2020 an ƙara mata sababbin motoci 307. Sai dai lungunan Nima da Mamobi da yawa mota ba ta shiga, cunkoson tsakiyar gari kuma ba ya sanin mai gaggawa. Don haka har gobe hannun maƙwabci shi ne na farko da ke isa ga rauni.

5.3 Wa Zai Ba da Jinin?

Ilmin zamani ya ce a ba da jini da wuri, amma jini ba a ƙera shi a masana'anta. Ma'aunin da aka saba ambatawa daga Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne leda 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, kuma Gana ta daɗe ba ta kai wannan ba. Mafi yawan jinin da ake samu daga dangin majinyaci yake fitowa, wato sai abu ya faru a shiga neman wa da ƙane da aboki. Ga wanda aka sa wa ranar fiɗa, wannan tsari yana iya wadatarwa. Ga wanda ke zubar da jini da tsakar dare kuwa, kafin a tara dangi, a gwada su, a tace jinin, aikin gama ya gama. Ƙarancin nan ne ya sa likitocin Gana suka daɗe suna kwashe jinin da ya taru a cikin matar da cikinta ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, su tace shi da ƙyallen bandeji, su mayar mata.

An samu ci gaba. A Afrilun 2019 kamfanin Zipline ya fara kai jini da jirage marasa matuƙi daga Omenako zuwa asibitocin karkara, a 2020 kuma majalisa ta yi dokar hukumar jini ta ƙasa. Amma jirgi ba ya ɗaukar abin da babu. A al'adar Bahaushe fitar da jini ba baƙon abu ba ne, tun da wanzami yana yin ƙaho ya cire abin da ake kira mataccen jini. Abin da ake ɗari-ɗari da shi shi ne ba da lafiyayyen jini ga wanda ba a sani ba. Leda ɗaya ba ta wuce mililita 450 ba, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na jinin baligi, jiki kuma yana mayar da ita cikin 'yan makonni.

5.4 Mai Haihuwa

A unguwannin zango, kamar sauran Afirka, zubar jini bayan haihuwa tana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata masu juna biyu. A wannan fage ƙasar Hausa ta ba da gudummawa ga ilmin duniya. A shekarun 2000 an gwada wata rigar roba mai matse ƙafafu da mara a asibitocin Kano da Katsina da Ibadan, wadda ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda za a yi ƙarin jini. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata fiye da 20,000, ya nuna cewa tiranekzamik asid yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. A 2023 kuma binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a auna jinin da ya fita, tare da yin dukkan matakan ceto a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da sakamakonta da kashi 60 cikin ɗari. Ƙarin ruwa yana cikin waɗannan matakai, amma ɗaya ne daga ciki, tare da murza mahaifa da allurar da ke sa ta tsuke.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙarin ruwa ya faro ne daga kwalara a 1832, ya samu karɓuwa saboda arharsa da kuma haɗarin da ke cikin ƙarin jini a wancan zamani, ya kai ƙololuwa a shekarun 1960 zuwa 1980, sa'annan bincike ya mayar da shi matsayinsa na mai riƙon ƙwarya. Ga mazaunin Tudu ko Nima ko Mamobi, darasin a fili yake: a danne rauni, a rufe majinyaci kada ya yi sanyi, a nufi asibitin da ke da ɗakin fiɗa da ma'ajiyar jini, a kuma ba da jini tun kafin buƙata ta taso. Ga ɗalibin harshe kuwa, wanda wata rana zai yi tafinta a asibiti ko ya fassara sanarwar lafiya a rediyo, nauyin da ke kansa shi ne kada ya juya "shok" da firgita, kada kuma ya bar mai sauraro ya tashi da zaton cewa ƙarin ruwa da ƙarin jini abu ɗaya ne.